Shuɗin Duron Minyale

Ni na haɗa tukunyar, 'yata Fagesi ta dafa kacasun, Bingala yayan mijinta ya kawo duron da bututun.

Sunana Zuze. Maƙeri ne ni, kamar ubana. Ina ƙera fartanya da gatari, ina gyaran keke idan an matsa mini, amma abin da aka san ni da shi daga bakin kogin Shire har gindin duwatsu shi ne tukunyar kacasu, giyar nan mai ƙarfi da ake tara wa daga tururi. Mata ke dafawa, ni ke haɗa musu. Tukunyar da na liƙe ba ta huci ta gefe, kuma ba a taɓa ɗora mutum a keke zuwa asibiti saboda ita ba. Wanda ya ce an taɓa, ya zo ya faɗa a gabana.

Mijin Fagesi, Minyale, manomin auduga ne. Da daminar da ta wuce ya dawo daga gona da rana tsaka, ya ce kansa na juyawa. Ya ci tuwo kaɗan ya kwanta. Kafin rana ta yi sanyi kumfa na fita ta bakinsa, jikinsa na rawa, gumi kamar an watsa masa ruwa. A cinyar Fagesi ya cika. Ya bar mata yara biyu, mace da namiji. Ranar binnewa danginsa ba su ce komai ba. Daga baya magana ta fara yawo a bakin rijiya, ana tambayar tuwon wa ya ci na ƙarshe, kuma wa ya tuƙa. Bingala ne ke gaba a wannan magana.

A wajenmu, idan rani ya shigo magarya ta zuba, ana fitar da mace daga takaba da giya. Giyar ta mamaci ce, don haka da kayansa ake yinta: dusar masararsa, magaryar gonarsa, itacen da ya sara, mazubin da hannunsa ya taɓa. Ba mai ɗanɗana ko ɗigo sai ranar. A ranar kuma matar ce ke fara sha, ƙwarya cike, a gaban dangin miji. Idan ta sha ta zauna lafiya, sai a aske mata kai, ta ci gaba da zama a gidan da 'ya'yanta. Idan ta ƙi sha, ta faɗa da bakinta ke nan cewa akwai abin da ta sani. A ranar take barin gari, yara kuma su zama na dangin uba.

Da lokaci ya matso, na ɗaura bututuna a keke na tafi ƙauyensu. Bakin tsohuwar bindiga ne, tun na ubana, shi nake sa wa kowace tukunya. A ƙofar gida na ci karo da Dolika, gwaggon Minyale, wadda ke riƙe da gidan tun da iyayensa suka mutu. Sa'ata ce. Mun yi rawa a dandali ɗaya muna yara, kuma tun lokacin ba ta iya magana a hankali ba.

"Zuze, yaƙi ka zo ko gaisuwa? Mayar da tsatsar nan inda ka ɗauko ta. Ta Minyale ce?"

Na ce mata Minyale ba shi da bututu, mutum ne da bai taɓa dafa ko ruwan wanka da kansa ba. Ta ce to a duba kayansa, ba za a rasa ba. Bingala ya shiga rumbu ya fito da injin feshin auduga, ya kwance sandar tagullar da ke bakinsa, ya jefo ta gabana. Ya koma ya mirgino wani shuɗin duron roba, wanda Minyale ke dama maganin feshi a ciki. Ya ce ga bututu ga mazubi, in kuwa maƙerin da ake ta yabo ba zai iya da su ba, akwai wani a kasuwa mai ƙarancin surutu.

Na sa hanci a duron. Akwai wari, wani abu tsakanin tafarnuwa da kananzir. Na ce zan wanke.

Tagullar ba ta dame ni ba. Na sa ta a wuta har ta yi ja, wuta kuwa ba ta barin komai. Roba ce ba ta shiga wuta. Na dirje duron da toka, na dirje da yashi, na zuba tafasasshen ruwa na mirgina shi a tsakar gida, na sa sabulu, na kife shi a rana, na sake daga farko. Na yi ta yi har fatar hannuna ta saɓule, har na sa kaina a ciki ban ji komai ba sai sabulu. Ba wanda zai wanke duro fiye da haka. Dolika ta tambaye ni ko ya fita, na ce ya fita. Ita ma ta sa kanta ta shinshina, ta ce ai ko jariri a yi masa wanka a ciki.

Fagesi ta jiƙa magarya da dusa da sukari a duron, ta rufe da buhu, ta bar shi a ɗakin girki inda akwai ɗumi. Da ya gama tsiwa ya kwanta, ta aiko mini na dawo.

Na kafa murhu a bayan gida, gefen ayaba. Na ɗora babbar tukunyar ƙasa, na kife ƙarama a bakinta, wadda na huda a gefe. Kwamin da Minyale ke ba awaki ruwa shi na huda gaba da baya, na zura sandar tagullar ta ratsa shi a karkace, kanta cikin tukunya, wutsiyarta a bakin kwalba. Na liƙe ko'ina da laka da tuwon dusa, na bi da yatsa. Fagesi ta cika kwamin da ruwan sanyi, ta hura wuta ƙasa-ƙasa kamar yadda uwarta ta koya mata. Muka zauna muna jira. Da ɗigon farko ya sauko, Dolika ta tara a ludayi ta kwarara a ƙasa, ta kira sunan Minyale. Na gaba na watsa a wuta, ya tashi shuɗi fes. Ban kai baki ba, ba wanda ya kai. Wuni guda Fagesi na sauya ruwan kwami tana sauya kwalba. Da yamma Dolika ta juye duka a tuluna, ta liƙe bakinsu, ta shigar ɗakinta, ta ɗaure ƙofa da igiya. Dusar da ta rage a gindin tukunya Fagesi ta kwashe ta zuba a ramin shara, kamar yadda kowace mace ke yi.

Washegari ne ranar. A gidan na kwana. Da rana ta ɗan ɗaga na zaga baya don in kwance tukunyar kafin baƙi su cika gida. A nan na ga agwagin gidan.

Agwagi su bugu da dusar giya ba sabon abu ba ne. Su yi ta tangaɗi, yara na dariya, su kwanta a inuwa, da yamma su tashi su nemi ruwa. Waɗannan a gefe suke kwance a bakin ramin. Wuyansu a murɗe ya koma baya. Kumfa na fita ta bakinsu, ƙafafu na karkarwa su kaɗai. Wasu sun riga sun sandare, ƙudaje sun sauka. Na tsuguna na ɗaga ɗaya, ta yi kashi kore a hannuna, ta mutu ina riƙe da ita. Rana ta fara dukan dusar da ke ramin, sai ga warin nan yana tasowa, tafarnuwa da kananzir, sak yadda na ji shi ranar farko.

Na daɗe a tsugune. Wani kada ya taɓa kifar da kwalekwalen da nake ciki, na yi iyo na fita, ban ji abin da na ji a bakin ramin nan ba. Robar ta sha maganin, ta riƙe shi, ta sake shi cikin jiƙon. Wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne ko ya tsaya a gindin tukunya, ko ya bi tururi ya hau bututu. Tururi na barin wasu abubuwa a ƙasa, yana tafiya da wasu. Ubana bai san maganin feshi ba, balle ya gaya mini.

Na aika wata mata ta kira Fagesi. Ta zo cikin baƙin zanenta, hannunta da garin masara. Ta tsaya ta kalli agwagin. Sannan ta tsuguna ta sa yatsa ta shafi kumfar bakin ɗaya, ta duba yatsan.

"Haka Minyale ya yi," in ji ta. "Har wuyan."

Na ce mata ba za ta sha giyar nan ba. Ta ce in ba ta sha ba, yau Bingala zai kwana da 'ya'yanta a ɗakinsa, ita kuma ta bi ni a bayan keke da sunan mayya. Na ce mai rai na iya dawowa neman 'ya'ya. Ta ce in nuna mata wadda aka taɓa kora a garin nan ta dawo. Ban san ko ɗaya ba. Ta goge yatsan a ƙasa, ta ce wataƙila duk a dusar ya zauna, tun da giyar ta fito fara tas kamar ruwan sama, kuma ta ci wuta yadda ya kamata. Na ce wataƙila.

Ta ɗago ta dube ni. "Baba, kai ka san tukunya. Ya hau bututun ko bai hau ba?"

"Ban sani ba."

Tun da na haife ta ba ta taɓa jin wannan daga bakina ba. Na ga yadda fuskarta ta yi. Ta tashi ta karkaɗe zane, ta ce tuwo na kan wuta, ta tafi.

Na yi tunanin in tsallaka gidan wata mai dafawa in sayo kacasu mai kyau, in sauya. Amma tulunan na ɗakin Dolika, Dolika kuma na zaune a bakin ƙofar a kan turmi, igiyar na bayan kanta. Na kwashe agwagin a buhu na je wurinta. Na ce ta matso gefe. Ta ce ta tsufa da shiga lungu da maza, in faɗa a nan. Na buɗe bakin buhun na nuna mata.

Ta leƙa ta ce agwagi sun sha rabonsu, za su tashi. Na ce ta taɓa ta ji. Ta taɓa, ta janye hannu da sauri. Na gaya mata warin, na gaya mata roba. Ta ce ai ni na ce ya fita. Na ce na faɗa. Ta ce to yanzu me nake so. Na ce a zubar, a sake wata a tukwanen ƙasa.

Ta ce da me za a sake. Dusar Minyale ta ƙare, magaryar gonarsa duk ita ce a tulunan nan, mamaci ba ya noma sau biyu. Mutane sun taho daga nesa, wasu tun jiya suke hanya, an yanka akuya. Kuma in ta fito ta ce an zubar da giyar don an ga guba a dusa, ni na san abin da gari zai ce, kuma na san sunan wa za a kira. Na sani. Shi ya sa na zo wurinta a ɓoye.

Na ce mata to ta tuna, bayan Fagesi duk za su sha, har ita. Ta ce ai ba a sha sai an gama aski, kuma aski ba a gaggawa da shi. Za a jira a gani. In yarinya ta zauna lafiya, a sha. In mamaci ya sa wani abu a giyarsa, shi ya san don wa ya sa.

"Wato 'yata ce agwagwarku," na ce.

"Ba ni na kafa abin ba, Zuze. Ni ma na sha tawa ƙwaryar, ga ni zaune."

Muryarta ba ta yi ƙarfin da ta saba ba. Na lura hannun da ta taɓa agwagwar da shi sai goga shi take a zane, ba ta daina ba har na bar wurin.

Kafin rana ta take, gindin mangwaron gidan ya cika. Maza a kujeru da kututture, mata a tabarmi, masu ganga na gasa fata a bakin wuta. Ƙanshin naman akuya da busasshen kifi ya cika gida. Duk wanda ya shigo sai ya zo ya kama hannuna. Wani ya ce tun da ya ji Zuze ne ya haɗa, bai karya da safe ba don ya bar wuri. Wani ya ce ya gaya wa matarsa ta turo amalanke da yamma, don ƙafa ba za ta kai shi gida ba. Wani tsoho da muka yi kaciya tare ya ce in ya mutu ni zan haɗa tasa, kuma in yi sauri don ya matsu ya ji ƙanshi. Suna dariya. Ina zaune buhun na ƙarƙashin kujerata, na danne shi da diddige.

Aka fito da Fagesi aka zaunar da ita a tabarma a tsakiya, ƙafafu a miƙe. Aka ajiye reza da ƙwaryar ruwa a gefenta. Yaranta na can ɗaya ɓangaren, matar Bingala na riƙe da su, ɗaya a kowane hannu. Haka ake yi, don kowa ya ga inda za su koma in abu ya ɓaci. Samari suka ɗauko tulunan suka jera. Dolika ta fasa liƙin na farko. Ƙanshin magarya ya tashi, mutane suka yi gyaran murya. Na buɗe hanci iya ƙarfina. Wani lokaci in ji kamar akwai tafarnuwa can ƙasa, wani lokaci in ji ba komai sai magarya. Na rasa wanne ne na tulun, wanne ne ya maƙale mini a hanci tun safe.

Dolika ta kira sunayen matattun gidan ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan Minyale, ta ce masa ga giyarsa, ga matarsa, ya duba. Ta cika ƙwarya har baki. Ta miƙa. Fagesi ta karɓa da hannu biyu.

Na tashi. Na ja buhun zuwa tsakiya, na kama gindinsa na zazzage. Agwagin suka zube a gaban tabarma, wuya a murɗe, kumfa ta bushe a baki. Masu ganga suka tsaya.

Ni ba mai dogon bayani ba ne. Na ce waɗannan dusar giyar nan suka ci. Na ce a duron maganin feshi aka jiƙa ta. Na ce duk wanda ya ga Minyale ranar da ya mutu ya zo ya duba bakin agwagin nan. Na ce ban sani ba ko gubar ta shiga tulu, kuma ba wanda ya sani a nan.

Waɗanda ke kusa da tulunan suka ja kujeru baya. Wata mata daga baya ta ce ita kam ta sha ganin Minyale na dama maganin da hannunsa, ba tsumma a hanci. Mijinta ya ce ta rufe baki.

Bingala ya miƙe. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce Allah ya tona. Ya ce abin da ta zuba wa ƙanensa a tuwo shi ta zuba wa dangi duka a giya, agwagi suka riga su. Ya ce auduga kowa na fesa ta a garin nan, shi ma yana fesawa, ga shi tsaye. Ya ce tsoho ya ga asiri zai fito, shi ne ya zo da buhu yana wasan yara.

Na tambaye shi wa ya mirgino duron daga rumbu.

"Ni," ya ce. "Wa ya ce ya wanku, Baba Zuze? Faɗa da ƙarfi, na baya ba sa ji."

"Ni."

Ya juya ga mutane ya buɗe hannu. Ya ce to maƙerin da ba a taɓa kamawa da kuskure ba ya ce duro ya wanku, ke nan in akwai wani abu a giya, daga baya aka sa, kuma mutum ɗaya ce ta wuni a bakin tukunya. Ya ce hanya biyu ce, kamar yadda aka saba. Ta sha, ko ta ɗauki ƙullin kayanta kafin rana ta faɗi.

Na dubi Fagesi. Ta fara ɗaga ƙwaryar a hankali, idonta na kan yaran.

Na ce ta dakata. Na juya ga Dolika na ce ni na haɗa tukunyar, ni na ce duro ya fita, a ba ni in sha a madadinta. In na zauna lafiya, an wanke ta. In na faɗi, ni na faɗi a kan aikin hannuna, ba wanda zai ce ita ta zuba wa ubanta.

Bingala ya ce ba a taɓa yi ba. Dolika ta ce ya zauna, ba shi ke riƙe da ludayi ba. Ta je wurin tsofaffin da ke kan kututture, suka haɗa kai. Ina jin wasu kalmomi, ba duka ba. Ɗaya na cewa mamaci matarsa yake jira, ɗaya na cewa jinin uba da na 'ya ɗaya ne, kuma a zamanin kakanni an taɓa bari uba ya tsaya wa 'yarsa. Sun daɗe. Ina tsaye a rana, gumi na bin bayana, ban san wace amsa nake so su kawo ba. Dolika ta dawo ta ce sun yarda. In Zuze ya shanye ƙwaryar ya zauna har a gama aski, Fagesi ta fita, ba mai sake ɗaga maganar tuwo a garin nan.

Daga inda nake zuwa tabarmar ba nisa. Dole na tsallake agwagin. Na ƙi kallonsu, idona ya kalla. Na tuna an ce Minyale ya yi ta kiran a buɗe masa ƙirji don iska ta ƙi shiga. Na tuna an ce yana ji yana gani har ƙarshe. Na ji tsoron in saki fitsari a gaban surukai. Na danne. Na tsaya a kanta na miƙa hannu, kowa na gani.

"Miƙo," na ce.

Ta ja ƙwaryar zuwa ƙirjinta.

Na ce ta miƙo, ba na son gardama a gaban mutane. Na ce na tsufa, na ci rabona, uwarta ta daɗe tana jirana. Na ce ba mamaki ma ba komai a ciki, in sha in yi barci in tashi in ci naman akuya. Tana kallon hannuna, ba ta kalli fuskata ba. Ta ce ita ta riƙe kan Minyale, ni ban riƙe ba, ban san abin da nake roƙo ba.

Sai ta karkata ƙwaryar, ta kwarara giyar a ƙasa gefen tabarma, a hankali, har ta ƙare. Ƙasa ta shanye.

Dolika ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi ƙwaryar daga hannunta, ta koma bakin tulu, ta sake cikawa. Ta dawo ta durƙusa a gaban Fagesi, tsohuwa da ita, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. Ta ce wadda ta zube za a ce ta mamaci ce, ba za a ƙirga ba. Ta ce wannan ce ta ƙarshe, ba ta da ikon cika wata. Ko ta sha, ko ta bar ubanta ya sha, tun da shi ya nema da bakinsa. In kuwa wannan ma ta koma ƙasa, ita Dolika ba ta da abin da za ta tare Bingala da shi, kuma yau ɗin nan za a raba ta da yaran.

"'Yar nan, dubi 'ya'yanki," in ji ta. "Dube su da kyau, sannan ki ba ni amsa."

Fagesi ta dube su. Namijin na tsotsar yatsa, macen na ƙoƙarin zare hannunta daga na matar Bingala. Ta daɗe tana kallo. Na sake miƙa hannu wajen ƙwaryar, ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam, riƙon da ban san tana da ƙarfinsa ba. Ɗaya hannun ta ɗora a cinya.

"Ba zan sha ba, Gwaggo," ta ce. "Shi ma ba zai sha ba."